Me ya sa magabata suke kwafe zantukan hikima daga littattafai?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce ka lura mutanen zamanin da, in suna karatu, ba sa barin littafi haka nan, sai sun kwafe gajerun maganganun nasiha da hikima sun zuba a wani kundi nasu daban, kana son sanin ko tsadar littafi ce ta jawo haka, sannan ko hakan na nufin sun fi mu tarbiyya tunda kullum alƙalaminsu na kan "riƙe amana" da "guji fushi". Tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Tsada tana ciki amma ba ita ce uwar dalili ba. Maganar tarbiyya kuwa, kundin nan ba zai iya tsayawa shaida a kanta ba, abin da yake nuna mana shi ne yadda suke karatu, ba abin da ke cikin zuciyarsu ba. Tarihin littafi da karatu nake koyarwa, kuma na daɗe ina jujjuya irin waɗannan kundaye, to bari in ɗan ja zaren, ka yi haƙuri da tsawon.

Abin daga makaranta ya fara. Akwai wani allo a laburaren Birtaniya da ke Landan, katako ne guda biyu da aka fafe cikinsu aka zuba kaki, daga Masar ya fito, ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Girkanci ne harshen makaranta a can. A saman allon malami ya rubuta layi biyu da hannunsa mai kyau, ma'anarsu kusan haka: karɓi shawara daga mai hikima, bai dace ka yarda da kowane aboki ba. A ƙasa aka ja layuka, yaro ya kwafa sau biyu. Hannun yaron bai zauna ba, harufan wani ya fi wani girma, ya ma ci harafin farko na kalmar farko, da ya zo ƙarshen layi kuma wuri ya ƙare masa ya kutsa gefe. A ɗaya fuskar allon jadawalin lissafin sau ne. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibai hoton allon nan sai in tambaye su, a ganinku yaron nan tunanin abokan kirki yake yi, ko tunanin kar malam ya ga ya ci harafi? Sai su yi dariya, don kowa ya san amsa.

Kuma ba haɗari ba ne aka zaɓi nasiha a matsayin abin kwafa. Kwintiliyan, babban malamin balaga a Rum a ƙarni na 1, ya faɗa ƙarara cewa layin da za a ba yaro ya koyi rubutu da shi kar ya zama zancen banza, ya zama yana ɗauke da gargaɗi mai kyau, saboda abin da ya shiga kai a ƙuruciya yana bin mutum har tsufa. Wato ana gyara hannu, ana cusa tarbiyya, duk a zama ɗaya. Gajeriyar magana kuma ta dace da aikin, layi ɗaya ce, tana da kai tana da gindi, yaro zai iya gama ta kafin ya gaji. Tun kafin Rum ma haka abin yake, a garin Niffur na ƙasar Iraki ta yau an tono ƙananan allunan yumɓu masu kewaye kamar tafin hannu, na 'yan makarantar wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, karin magana ne a kansu na Sumeriyanci. A tsohuwar Masar ɗalibai kan kwafi nasihohin uba ga ɗa a kan fasassun tukwane da ɓallin farin dutse, don takardar fafiras ba ta wasan yara ba ce. A Turai kuma akwai wasu baitoci bibbiyu na Latin da ake jingina wa wani mai hikima na Rum mai suna Kato, an tsara su wajen ƙarni na 3 ko na 4, yara suka yi ta haddace su suna kwafa fiye da shekara dubu, har Benjamin Firanklin ya buga fassararsu ta Ingilishi a Filadelfiya a 1735.

Misalin da mutane suka fi kawo min shi ne na Joj Washinton, shugaban Amurka na farko, cewa kafin ya kai shekara 16 ya rubuta ƙa'idojin ladabi 110 da hannunsa, kuma littafin na nan a laburaren majalisar dokokin Amurka. Gaskiya ne. Amma ba shi ya ƙirƙire su ba, asalinsu daga makarantun limaman Katolika 'yan Jesuwit na Faransa ne a 1595, aka fassara su zuwa Ingilishi a 1640, shi kuma ya kwafa a ƙarshen littafin aikinsa na makaranta. In ka karanta za ka ga yawanci ladubban zama da jama'a ne, kar ka kashe ƙwarƙwata ko ƙuma a gaban mutane, kar ka yi barci wani na magana, sai ta ƙarshe ce ta yi zancen raya lamiri a cikin ƙirji. Mutumin da ya kwafi wannan ta ƙarshen, ya rasu a 1799 akwai bayi 317 a gandunsa, 123 daga ciki nasa ne na kansa, su ne ya yi wasiyyar a 'yanta. Ba wai ina son ɓata shi ba ne, ina so ne ka ga cewa daga abin da hannu ya kwafa zuwa yadda mutum ya rayu akwai tafiya mai nisa.

To wannan na yara ne. Manya fa, me ya kai su? Nan dole ka san yadda littafin kansa yake a da. Littafin Girkawa da Rumawa naɗi ne kamar tabarma, hannu biyu kake riƙe shi, ɗaya na warwarewa ɗaya na naɗewa, babu lambar shafi, babu fihirisa, sau da yawa ko tazara babu tsakanin kalma da kalma, harufa ne kawai jere. Shi ya sa yawanci a bayyane ake karantawa, kunne ne ke raba kalmomin, masu hali ma bawa ne ke karanta musu. Ogastin, babban malamin Kirista, ya ba da labarin yadda ya ga Ambros limamin cocin Milan wajen shekara ta 384 yana karatu idonsa na bin shafi amma harshensa shiru, har abin ya tsaya masa a rai ya rubuta. Ba wai ba a san karatun zuci ba sam, an sani, amma ba shi ne aka saba gani ba. Yanzu ka ɗauka ka ji wata magana mai daɗi a tsakiyar naɗi na bakwai na wani littafi mai naɗi talatin, bayan shekara biyu kana buƙatarta, ya za ka yi? In ba ka fitar da ita ba a lokacin da ka ji ta, ta tafi kenan. Kundin shi ne fihirisarka, shi ne abin da a yau muke buga kalma a waya ya nemo mana.

Filini Babba, marubucin Rum, shi ne gwarzon wannan aikin. Ɗan 'yar'uwarsa ya rubuta a wata wasiƙa cewa mutumin nan ba ya karanta komai ba tare da ya tsinci wani abu ya sa an rubuta ba, ana karanta masa yana cin abinci, ana karanta masa ana goge masa jiki bayan wanka, in zai yi tafiya magatakarda na gefensa, lokacin sanyi har safar hannu ake sa wa magatakardan don kar aiki ya tsaya. Yakan ce babu littafin da ya lalace har a rasa abin amfani a ciki. Da ya rasu a shekara ta 79 a aman wutar dutsen Besubiyas, ya bar kundaye 160, an cike gaba da baya da ƙananan rubutu, kuma tun suna ƙasa da haka wani ya taya su sistas dubu 400 na kuɗin Rum a Sifen. To ka ga in rashin littafi ne dalili, Filini bai da hujjar yi, littattafai sun yi masa yawa ne ma. Kuma ga abin da ya fi kashe wannan hujjar: zamanin da al'adar kundi ta fi bunƙasa a Turai shi ne ƙarni na 16 da na 17, wato bayan Gutenbag ya kawo injin ɗab'i wajen 1450, lokacin da littafi ya yi araha fiye da kowane zamani kafin nan. Abin da ke ƙara wa kundi kasuwa shi ne yawan abin karantawa da arahar takardar rubutu, ba ƙarancin littafi ba. Takarda daga Sin ta fito, ta iso Samarkand a ƙarni na 8, Bagadaza ta fara yin tata kafin ƙarnin ya ƙare, Italiya sai a ƙarni na 13, kuma duk inda ta sauka sai ka ga kundaye sun biyo bayanta. Talaka mai aron littafi na kwana uku kam yana kwafa ne don littafin zai koma wurin mai shi, wannan ban musa ba, amma ba shi ya gina al'adar ba.

Malaman Musulunci sun ba abin suna mai kyau, farauta da ɗauri. Ka san baitin nan da ake jingina wa Imamu Shafi'i, cewa ilimi abin farauta ne, rubutu shi ne ɗaurinsa, wauta ce ka kama barewa ka bar ta sake cikin jama'a. Zarnuji a Ta'alimul Muta'allim ya ce ɗalibi ya riƙa yawo da tawada kowane lokaci don ya rubuta fa'idar da ya ji, ya kawo maganar cewa abin da aka haddace yana gudu, abin da aka rubuta yana zama. Ibnul Jauzi da ya rasu a 1201 har tunanin kansa ya yi wa haka, ya kira littafin Saidul Khaɗir, farautar abin da ya ɗarsu a zuci. Akwai kuma wata magana da ake jingina wa Yahaya ɗan Khalid Barmaki wazirin Haruna Rashid, cewa mutane suna rubuta mafi kyan abin da suka ji, su haddace mafi kyan abin da suka rubuta, su faɗi mafi kyan abin da suka haddace. Ni a ganina babu wanda ya bayyana aikin kundi kamar wannan jimlar, domin ta nuna rariya ce hawa uku, kuma ƙarshenta baki ne, magana a gaban mutane. Ana tara hikima ne don a yi amfani da ita a majalisa, a huɗuba, a wasiƙa zuwa ga sarki, a gardama. Ibn Ƙutaiba da ya rasu a 889 ya tsara Uyunul Akhbar kashi goma, mulki, yaƙi, ɗaukaka, ɗabi'u, ilimi, zuhudu, 'yan'uwantaka da sauransu, kuma ma'aikatan fada da marubuta ne a ransa, mutanen da ke buƙatar baiti ko hikima a bakinsu a daidai lokacin da ya dace. A Andalus Ibn Abdi Rabbihi da ya rasu a 940 ya yi nasa, Iƙdul Farid, babi 25 kowanne da sunan dutse mai daraja kamar sarƙar wuya. Ana ba da labarin cewa da littafin ya isa hannun waziri Sahib ɗan Abbad a gabas, yana zaton zai ga labaran Andalus, sai ya tarar duk zantukan mutanen gabas ne, ya ce wannan hajarmu ce aka dawo mana da ita. Wallahi maganar nan ta dace da duk wani kundi da na taɓa buɗewa, kashi mafi yawa na abin da ke ciki daga wani kundin aka kwaso shi, ba daga asalin littafin ba.

Bari in ba ka tafiyar littafi ɗaya ka ga yadda hajar ke yawo. A Masar, wajen 1048, wani malami mai suna Mubashshir ɗan Fatik ya tara zantukan masu hikima na da, su Sukurat da Aflaɗun da Arisɗo da Luƙman, ya kira shi Mukhtarul Hikam. A ƙarni na 13 aka juya shi zuwa Sifaniyanci, daga nan Latin, daga nan Faransanci, daga Faransanci wani basaraken Ingila ya mai da shi Ingilishi, Wiliyam Kakston ya buga shi a Wesminista a 1477, kuma shi ne littafi na farko da aka buga a Ingila ɗauke da kwanan wata. Ka ga hikimar Girkawa ta bi ta Larabci ta shiga maɗaba'ar Ingila. Daga can gabas ma irin haka ta faru, wani kundin nasihohi na Sin da aka tara a 1393, yara ke karanta shi har Koriya da Biyetnam, shi ne wani limamin Kirista ɗan Sifen mai suna Huwan Kobo ya fassara a Manila wajen 1590, littafin Sinanci na farko da ya shiga wani harshen Turai. Gajeriyar magana ba ta da nauyin kaya, tana tsallake iyaka fiye da dogon bayani.

A Turai abin ya zama tsari sosai, har da dokoki. Tun 1306 wani malami a Faris, Tomas ɗan Ailan, ya tara tsince-tsince kusan 6,000 ƙarƙashin kanu 266 a jere bisa harufa, don masu wa'azi su samu abin ɗauka da sauri. Sai Irasmus, babban malami ɗan ƙasar Holan, ya zo, ya fara da karin magana 818 na Girkanci da Latin a 1500, bai daina ƙari ba har suka kai 4,151 a shekarar da ya rasu, 1536. A wani littafinsa na 1512 ya koya wa ɗalibai yadda za su yi nasu kundin: ka samu littafi fari, ka rubuta kanu a saman shafuka, halayen kirki da kishiyoyinsu, kyauta da rowa, jarumta da tsoro, sannan duk abin da ka karanta ka duba wane gida ya dace da shi ka kai shi can. Nan ne wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau, don nan amsar tambayarka ta biyu take. Irasmus ya ɗauki mutuwar Sukurat, masanin falsafar Girka da mutanen garinsa suka yanke wa hukuncin kisa, ya nuna labari ɗaya zai iya shiga gidaje da yawa, za ka iya kafa hujja da shi cewa mutumin kirki ba ya tsoron mutuwa, za ka iya kafa hujja da shi cewa nagarta ba ta tsare mutum daga hassada, har ma za ka iya juya shi ka ce falsafa cutarwa take in mutum ya ƙi bin yadda jama'a suke. Wato kundin rumbun makamai ne, kuma ana horar da ɗalibi ya iya kare kowane ɓangare. Shi ya sa za ka buɗe kan "aure" ka ga maganganu biyar na yabon aure, biyar na kushe shi, hannu ɗaya ya rubuta, tawada ɗaya. Wanne ne ra'ayin mai kundin? Ba ka sani ba, wataƙila shi ma bai tsayar ba.

Matsalar tsarin Irasmus ita ce dole ka yi hasashen kanun tun farko, sai ka ware wa "adalci" shafi goma ya ƙare a wata uku, "kunya" kuma ka ware mata goma ta zauna fayau. Jon Lok, masanin falsafar nan na Ingila, shi ya kawo dabarar da ta warware wannan, ya wallafa ta da Faransanci a 1686, ta fito da Ingilishi a 1706 bayan rasuwarsa. Ga yadda take. A shafi biyu na farko ka ja gidaje, harufa 20, kowane harafi ka raba shi biyar bisa wasula a, e, i, o, u, gida 100 kenan. In ka samu magana, sai ka zaɓar mata kalma ɗaya da za ta zama kanta, ka ɗauki harafin farko da wasalin farko da ya biyo baya. Da Hausa in ce kan shi ne "haƙuri", gidansa Ha, "hikima" gidanta Hi, "gaskiya" Ga. Sai ka je shafi biyu na farko da ba a taɓa ba ka rubuta maganar, da sunan littafi da shafinsa, ka koma gidan Ha ka sa lambar shafin. Duk wani abu na Ha can zai tafi har shafin ya cika, in ya cika ka buɗe sabo ka ƙara lamba. Ba a ɓarnar takarda, kuma ko bayan shekara ashirin za ka nemo abinka. Illarta ita ce haƙuri da hassada da haraji duk shafi ɗaya za su kwana, amma shi bai damu ba, nemowa ce damuwarsa. Dabarar ta karɓu har a 1770 wani mai buga littattafai a Landan ya riƙa sayar da littafi fari da fihirisar Lok a gaba, ka saya ka cike da kanka. Na gwada ta shekara guda cur don in ji yadda take, abin da na lura shi ne wahalar ba ta rubutun ba ce, ta zaɓen kai ce, sai ka tsaya ka tambayi kanka wai maganar nan a kan me take, kuma wannan tsayawar ita ce karatun. Sikirinshot ɗari da ke wayata babu wanda ya taɓa tilasta min wannan tambayar, shi ya sa ban tuna ko ɗaya.

Masu buga littattafai ma sun san yadda mutane ke karatu, har suna taya su. A wasu littattafan wasan kwaikwayo da waƙa na ƙarni na 16 da 17 za ka ga an sa 'yan alamomi kamar waƙafi a farkon layi, ma'anarsu ga abin kwafa nan. Masu karatu kuma kan zana ɗan hannu mai nuni da yatsa a gefen shafi, wani har da hannun riga da ado, don su dawo su ɗauka.

Yanzu ga ɓarnar, don akwai ta, kuma su kansu sun san da ita. Seneka, masanin falsafar Rum da ya rasu a shekara ta 65, shi ne ya kawo misalin ƙudan zuma da kowa ya yi ta maimaitawa bayansa, cewa mai karatu ya bi furanni ya tsotso, amma ya sarrafa abin ya zama zuma, kamar yadda abinci in bai narke ba nauyi ne kawai a ciki. Mutane sun riƙe rabin farko sun manta na biyu. Shi ɗin dai a wata wasiƙa ya ce wa abokinsa, tsince-tsince na yara ne da masu farawa, abin kunya ne dattijo ya zama hikimarsa a kundi take, kullum "malam wane ya ce", to kai me ka ce? Abin dariyar shi ne maganganun Seneka na cikin waɗanda aka fi yayyagawa aka zuba a kundaye a tarihin Turai, har da wasu da bai taɓa faɗa ba.

Ɓarna ta farko, magana in ta bar gidanta tana canza ma'ana. A wasan Hamlet na Shakespeare akwai jerin nasihohi da wani uba ke yi wa ɗansa mai tafiya, kar ka ci bashi kar ka ba da, ka zama mai gaskiya ga kanka, kuma a bugun 1603 an sa wa wasu daga cikinsu alamar nan ta kwafa. Amma wanda ya faɗe su a cikin wasan tsoho ne mai surutu da shisshigi, wanda daga baya ya tura a yi wa ɗan nasa leƙen asiri, ya kuma mutu a laɓe bayan labule yana sauraron zancen da ba nasa ba. Wanda ya ga maganar a kundi ba zai san haka ba. Ni kaina na faɗa ramin nan ina ɗalibi, na kwafi wata jimla mai daɗi kan cewa shiru ya fi magana a kowane hali, na rubuta sunan marubucin a ƙasa, na yi shekaru ina jingina masa ita har a gaban aji, ranar da na koma littafin sai na ga ashe ra'ayin wasu ya kawo don ya rusa shi a sakin layi na gaba. Ban rubuta lambar shafi ba, ban rubuta wa ke magana ba, kunyar da na ji ranar har yau ina tuna ta.

Ta biyu, sunaye na yawo. Mai kwafa ya manta wa ya faɗa, ko ya ga maganar ta fi ƙarfin wanda ba a sani ba, sai ya rataya ta a wuyan babban suna. A littattafan hikima na Larabci za ka ga Sukurat yana zaune a cikin tulu yana gudun duniya, alhali a wurin Girkawa Diyojinis ne mai zama a tulu, an haɗe mutum biyu an yi ɗaya. Magana guda za ka same ta a nan da sunan Aflaɗun, can da sunan Luƙman, can da sunan wani sarkin Farisa. Abin da ake yi yau a Facebook na manna magana a jikin hoton wani shahararre ba sabo ba ne, gudu kawai ya ƙara. Amma in yi adalci, kundayen nan sun ceci abubuwa da yawa. Wani marubucin Girkanci mai suna Stobayos a ƙarni na 5 ya tara tsince-tsince don tarbiyyar ɗansa, daga marubuta ɗaruruwa, da yawansu littattafansu sun ɓace ƙurmus, abin da ya rage mana nasu shi ne layukan da uban nan ya ga sun dace da yaronsa. Sai dai ka tuna zaɓinsa muke gani, marubucin da wataƙila mai barkwanci ne ya iso mana a matsayin mai wa'azi, don wa'azin kawai aka tsinta.

Me ya rage al'adar? Wani masanin tarihi Bajamushe, Rolf Engelsing, ya ce wajen ƙarshen ƙarni na 18 mutane sun tashi daga maimaita littattafai kaɗan sau da yawa zuwa karanta abubuwa da yawa sau ɗaya, jarida, mujalla, ƙagaggun labarai. Akwai gaskiya a ciki amma an yi masa raddi sosai, kuma ina tare da masu raddin, don Filini ya riga wannan zamanin da shekara 1,700 yana haɗiye littattafai, kuma masu karanta ƙagaggun labarai na ƙarni na 18 ma suna maimaitawa suna haddacewa har da kuka. Abin da na fi yarda da shi shi ne ayyukan kundin ne aka raba wa wasu. Littattafai suka samu lambar shafi da fihirisa mai kyau, aka buga manyan littattafan zantuka da za ka saya a shirye, irin na Batlet da ya fara fitowa a Amurka a 1855, jarida ta yi arahar da almakashi da gam suka maye gurbin alƙalami, makaranta kuma ta fara yaba wa ɗalibin da ya faɗi nasa fiye da wanda ya jero na magabata.

In ka samu damar riƙe irin kundin nan a wani laburare, kar ka tsaya a shafukan farko inda hannu ke da kyau, ka juya zuwa tsakiya da ƙarshe. Da yawa daga waɗanda na gani, an ja kanu da tawada mai kyau, shafi ashirin ko talatin na farko cike, daga nan sai rubutu ya fara raguwa, kanu na nan amma ƙarƙashinsu fari fat. Sau da yawa wani ne daga baya, ɗa ko jika ko matar gidan, ya juya littafin ta baya ya fara nasa amfanin, lissafin bashi, maganin tari, ranar da aka haifi wane da ranar da wance ta rasu, wani lokaci har yaro ya samu fili ya yi ta gwada rubuta sunansa a ƙarƙashin kan da aka ware wa "tsantseni".